Firintar 3D a zafin bazara: yadda aka gano abin da ke toshe wani inji a Maraɗi

Mai injin matashi ne da ke gyaran wayoyi da rediyo a wani shago mai rufin kwano a unguwar Zariya, cikin Maraɗi. A farkon hunturu ya sayi ƙaramar firintar 3D, irin masu arahar nan da ake turowa daga Sin a cikin kwali, rabi a haɗe rabi a warware, mutum ya ƙarasa ɗaurewa da kansa. Wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Kano ne ya kawo masa, tare da kwarkwaro biyu na zaren roba irin PLA. Injin ya yi ta aiki lafiya har ƙarshen sanyi. Da bazara ta kama, daidai lokacin da yaron ya karɓi aikin kuɗi na farko mai tsoka, sai ya fara yankewa a tsakiyar bugu. Ni aka kira in duba, saboda na daɗe ina taɓa irin waɗannan injuna. Na ga ya dace a rubuta lamarin daki-daki, domin duk wanda ya sayi irinsa a ƙasar nan sai ya haɗu da wani ɓangare na wannan matsala.

Injin da aikin da aka ba shi

Zaren roba mai kaurin milimita 1.75 yana warwarowa daga kwarkwaro. Wani ƙaramin gargare mai haƙoran ƙarfe ya cije shi ya tura shi cikin farin tiyo na Teflon, tiyon ya kai shi kan injin, inda wuta ke narkar da shi a wajen digiri 200, ya fito ta wani bakin tagulla mai ƙofar milimita 0.4. Kan yana zagayawa bisa farantin gilashi mai ɗumi yana shimfiɗa narkakkiyar robar. In ya gama sahu ɗaya sai ya ɗaga kaɗan ya ɗora wani, kamar yadda magini ke jera bulo sahu bisa sahu har bango ya tashi. Kaurin kowane sahu galibi milimita 0.2 ne.

Dabarar ta kwana biyu a duniya. Scott Crump na kamfanin Stratasys a Amurka ya nemi rajistar mallakarta a 1989, kuma sai da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009 farashi ya faɗo ƙasa. A 2005 Adrian Bowyer ya fara shirin RepRap a jami'ar Bath ta Ingila, ya saki zanen injin kyauta ga duk mai so, har a 2013 wani ɗan Togo, Afate Gnikou, ya haɗa nasa a Lome da tarkacen tsoffin kwamfutoci. Amfanin wannan tarihi ga mutumin Maraɗi shi ne injunan masu araha kusan duk dangi ɗaya ne. Bakin wannan yakan shiga wancan, kuma a garin da babu wakilin kamfani, mai gyaran rediyo na iya kwance shi ya mayar.

Aikin da ya zo daga wani ɗan kwangilar gini ne. Yana da Alhajin da zai gina wa gida a fili mai mita 20 kowane gefe, kuma Alhajin ya ce shi zanen takarda ba ya shiga masa kai. Yana son ya ga zauren da idonsa, ya ga falo, ya ga sashen kowace mata da inda ƙofarsa ke kallo, kafin a haƙa tushe. Aka yanke a yi maket, wato ɗan ƙaramin samfurin gidan, na roba a ma'aunin 1 bisa 100. Filin ya koma santimita 20, wanda ya shiga farantin injin mai santimita 22 da ƙyar. Bango mai kaurin santimita 20 ya koma milimita 2, wato layi biyar na bakin tagullar. Tsayin ɗaki na mita 3 ya koma santimita 3, sahu 150 ke nan. Yaron ya zana gidan a manhajar zane ta Tinkercad, ya shigar da shi Cura, manhajar da ke yayyanka zane sahu-sahu ta rubuta wa injin umarni a katin memori. Cura ta ce aikin zai ci sama da awa 15 da roba kimanin giram 200, kashi ɗaya cikin biyar na kwarkwaro mai kilo ɗaya. Kafin nan abin da ya saba bugawa mariƙin mabuɗi ne da murfin akwatin caja, waɗanda ba su wuce awa ɗaya ko biyu.

Matsalar farko ba ta ja lokaci ba. Kusurwoyin daɓen maket ɗin suna ɗagowa daga gilashi, saboda roba na tsukewa in ta huce, kuma faffaɗan abu ya fi jin wannan ja. Ya riga ya warware ta da kansa kafin in zo: ya wanke gilashin da sabulu ya daina taɓa shi da hannu, ya daidaita kusurwa huɗu da takardar A4 farantin yana da zafi har takardar na gogar bakin kaɗan, ya shafa gam irin na ƴan makaranta, ya rage gudun sahun farko zuwa milimita 20 a daƙiƙa, ya sa Cura ta ƙara leɓe a kewaye. Daɓe ya kwanta.

Abin da ya gagare shi

Yakan kunna injin in ya buɗe shago da safe. Daɓe ya fita sumul, bangaye su fara tashi, sai can a ji mai tura zare yana ƙas, ƙas, ƙas. Layukan su fara sirancewa, su yi rami-rami, daga nan kan injin ya ci gaba da zagaye a iska babu abin da ke fitowa. A ƙarƙashin gargaren kuma sai ka ga farin garin roba ya taru, haƙoran sun gurje zaren sun yi masa rami.

Abu huɗu ya yi, kuma kowannensu yana da hujja ga wanda ya kalli bidiyon intanet. Ya canza bakin tagulla, a zatonsa datti ne ya toshe shi. Ya ɗaga zafi zuwa digiri 225 don robar ta ƙara ruwa. Ya ƙara matse sifirin na mai tura zare. Sannan da ya ji ana cewa laima na ɓata PLA, sai ya ɗora kwarkwaro ɗaya a kan rufin kwano ya bar shi ya sha rana. Na ƙarshen nan shi ya fi ba ni takaici, don zare ne da aka sha wahalar kawowa. A Maraɗi cikin Afrilu babu wata laima a iska da za ta jiƙa roba. Shawarar ta mutanen ƙasashen ruwa da sanyi ce, kuma ko su a tanda mai digiri 45 zuwa 50 suke busarwa. Kwano a tsakar rana ya wuce haka nesa. Zagayen waje na zaren ya yi laushi, ya ɗan baje, wasu wurare suka manne da juna.

Da na iso ya ce mini, “Malam, injin ga na gaji da shi. Da safe lafiya lau, kafin la'asar ya ɓata mini aiki da roba.”

Na ce, “Ƙanena, sake faɗi. Da wane lokaci yake tsayawa?”

Ya yi shiru, sannan ya ce kullum bayan azahar ne. Na nemi ya fito da ɓatattun maket ɗin, Allah ya sa bai zubar ba, suna cikin kwali a ƙarƙashin benci. Muka jera su a kan tebur. Dukansu sun mutu a kusan tsayi ɗaya, ƴan milimita sama da daɓe. Wannan ya bar mu da zargi biyu da suka cuɗe da juna. Ko dai lokacin rana ne, ko kuma wurin da bangaye ke farawa ne, domin a nan injin ke fara tsalle daga wannan bango zuwa wancan, kuma kafin kowane tsalle yakan ja zaren baya don kada roba ta ɗiga a hanya. Tunda kullum da safe yake kunnawa, bangayen kullum da azahar suke farawa, ba yadda za a raba su sai da gwaji.

Gwajin ƙarami ne. Hasumiya biyu sirara a gefen juna, bugun minti 20, wanda ke tilasta wa injin ja-da-baya a kowane sahu. Muka ajiye komai yadda yake, zare ɗaya, zafi ɗaya, fayil ɗaya. Ya buga bayan sallar asuba, suka fito cif. Ya sake bugawa da ƙarfe biyu na rana, ƙas-ƙas ta dawo kafin a kai rabi. A nan muka tsayar da injin muka zaro zaren da zafinsa. Ƙarshensa ya kumbura, wajen santimita biyu sun fi sauran kauri, kuma kumburin yana can sama da wurin da ya kamata roba ta narke.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kan injin hawa biyu ne. Na ƙasa shi ne mai wuta, digiri 200. Na sama ƙarfen alminiyam ne mai haƙarƙari, da ƙaramar fanka da ke hura shi ba dare ba rana, kuma aikinsa shi ne ya riƙe zaren da sanyinsa da taurinsa har ya isa bakin wuta, saboda taurin nan ne ke ba shi damar tura narkakken da ke gabansa. PLA kuwa tun daga wajen digiri 60 yake fara laushi. Fankar ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ɗauka ta hura. A ɗaki mai digiri 22 akwai tazara mai yawa tsakanin iskar da wannan iyaka. A Maraɗi cikin Afrilu da Mayu, inda zafin inuwa ke wuce digiri 40, tazarar ta riga ta ragu da rabi tun ba a kunna komai ba. In zafi ya hauro sama, zaren ya yi laushi tun bai iso ba, gargare ya turo shi ya kumbura ya cika ramin, ja-da-baya kuma ta ɗauko mai laushin ta kai shi sama inda zai sandare ya maƙale.

Abin da ya ƙarasa lamarin kuwa dabarar yaron ce mai kyau da lokacinta ya wuce. A watan Janairu, da ƙurar hunturu ta dame shi, ya yi wa injin rumfa da kwali da farar leda, ya rufe ko'ina. A lokacin ta yi masa rana: ta hana ƙura, ta kare bugu daga iska mai sanyi. Bai cire ta ba da yanayi ya juya. Muka zura wayar auna zafi ta mitarsa ta gyaran rediyo cikin rumfar, farantin yana kan digiri 60, sai ga shi iskar ciki ta haura 50. Da muka kwance murfin kan, fankar ma ta sha ƙura ta yi daɓe a fukafukanta, tana juyawa da ƙyar, tsakanin haƙarƙarin alminiyam ɗin kuma ya cushe da ja-jan ƙasa da silin roba. Ya kuma ƙara nisan ja-da-baya zuwa milimita 8 tun tuni don ya kawar da siraran zaruruwan da ke tsallaka tagogi.

Idan aka dubi gyare-gyarensa ta wannan fuska, za a ga yadda kowanne ya ƙara wa wutar itace. Ɗaga zafi zuwa 225 ya ƙara abin da ke haurowa sama. Matse sifirin ya sa haƙoran suna baje zaren da ya riga ya yi ɗumi. Canza bakin tagulla kuma ya haifar da sabuwar cuta dabam, don ya ɗaura shi injin na da sanyi. A irin wannan kai, farin tiyon yana sauka har ya dafe bayan bakin tagullar, kuma in aka bar ko ƙaramar tazara a tsakaninsu, roba za ta malala ciki ta ƙone ta zama zobe. Mun tarar da zoben nan, baƙi ƙirin, ƙarshen tiyon kuma ya ƙone ya tsuke.

Gyaran

Muka cire rumfar gaba ɗaya, aka bar ledar don rufe injin in ba ya aiki. Aka share haƙarƙarin da tsohon buroshin haƙori. Fankar ta riga ta gaji, sai aka nemi wata mai milimita 40 daga tarkacen kwamfuta, kuma nan akwai tarkon da ya kamata a sani: fankokin kwamfuta na bolt 12 ne, injin nasa kuwa 24 yake bayarwa. Da an jona kai tsaye da ta ƙone. Sana'arsa ta yi masa amfani a nan, ya sa ƙaramin allon rage wuta a tsakani. Muka yanke ƙonannen ƙarshen tiyon da reza, yanka miƙaƙƙe ba karkatacce ba. Muka ɗumama kan, aka ɗaure bakin aka sassauta shi kamar zagaye ɗaya, aka tura tiyon har ya tokare, sannan aka ƙarasa ɗaure bakin da zafinsa don ya matse tiyon. Daga nan aka yi wankin ciki: a zura zare a digiri 200, a bari ya huce zuwa wajen 90, a fizge shi da hannu ya fito da dattin, a maimaita har ƙarshen ya fito fari tas. Zafi ya koma 200, faranti 50, ja-da-baya milimita 5, sifirin ya koma yadda yake. Zagayen waje na kwarkwaron da ya sha rana aka warware aka yanke aka zubar.

Hasumiyoyin gwaji suka fito lafiya da ƙarfe biyu na rana. Duk da haka na ba shi shawarar kada ya ɗora dogon aiki tsakanin azahar da la'asar har bazara ta wuce, domin allon lantarkin da ke ƙarƙashin injin shi ma yana jin zafin, kuma in ƙwayoyin da ke juya motocinsa suka yi zafi fiye da kima sukan ɗan ɗauke, sai ka ga bango ya goce gefe a tsakiyar tsayinsa. Fankar tsaye ta shagon aka juya ta tana hura akwatin allon daga ƙasa, ba ta kallon faranti, don iska a kan faranti ita ke ɗaga kusurwa.

Da aka koma bugun yamma da dare sai maganar wuta ta taso. A bazara ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ce, kuma awa 15 a jere abu ne da ba a iya yi wa alkawari. Injin yana da tsarin ci gaba daga inda ya tsaya, amma amfaninsa kaɗan ne ga irin wannan aiki: bakin mai zafi yana tsayawa a kan bango ya bar dunƙule, in kuma wutar ta daɗe faranti ya huce, gilashi ya saki maket ɗin, shi ke nan. Ƙaramin andulan ofis, wato akwatin batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, mintoci kawai yake riƙewa. Muka yi lissafin batir. Injin na cin wajen wat 120 in yana cikin bugu, ya fi haka sosai lokacin ɗumama faranti. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in ba a so a kashe shi da wuri, rabinsa ake sha, wat 600 na awa ɗaya ke nan, wato awa huɗu zuwa biyar in an cire abin da inbata ke ci. Kuɗin wannan ba ya hannunsa a lokacin.

Mafitar da ba ta ci ko dala ba ita ce raba gidan. Ya koma Tinkercad ya yanka maket ɗin gida huɗu, yana bin layin bangaye don kada haɗin ya fito fili, kowane yanki santimita 10, bugun awa huɗu ko ƙasa da haka, rufi kuma dabam. In wuta ta ɗauke, rubu'i ya yi asara. Ƙananan yankunan kuma ba sa ɗaga kusurwa kamar babban. Ya haɗa su da sufa-gulu a kan katako siriri, ya bar rufin a sake yadda za a ɗaga a leƙa ciki. A ganina wannan ya fi tsarin farko kyau ko da wuta ba ta ɗaukewa, kuma da shi ya kamata mai koyo ya fara duk wani babban aiki.

Abu ɗaya na matsa masa a kai, ban sassauta ba. Kada ya kulle shago ya tafi gida injin na aiki. Ƙarfe ne mai digiri 200 a ɗakin da ke cike da batiran waya da kwalaye. Manhajar Marlin da yawancin waɗannan injuna ke amfani da ita tana da kariyar da ke kashe wuta in ma'aunin zafi ya kuɓuce daga mazauninsa, amma an sha sayar da masu araha da wannan kariya a kashe. Muka duba tasa muka tabbatar tana aiki, muka ƙara ɗaure wayoyin da ke shiga allon, muka leƙa ɗan makunnin da ke jikin akwatin wuta muka ga yana kan 230, ba 115 na Amurka ba.

Bayan an kai aikin

Alhajin ya ga gidansa, ya ɗaga rufi, ya sa a matsar da ƙofar madafa don kada ta kalli zaure, ya ce a ƙara faɗin tsakar gida. Ɗan kwangilar ya ce gyaran nan da sai bayan an tada bango za a yi shi, da rushewa da asarar siminti.

Ranar wata Juma'a kuma ɗan kwangilar ya dawo da maket ɗin rufinsa ya lotsa. Ya bar shi a gaban mota, ƙarƙashin gilashi, ya shiga masallaci. Iyakar digiri 60 ɗin nan da ta toshe injin ita ce ta lanƙwasa rufin, don cikin rufaffiyar mota a ranar Maraɗi yana wuce haka. Yaron ya tambaye ni ko ya koma PETG, wani irin zaren roba da ke jure zafi har wajen digiri 80. Na ce ya dakata. PETG na buƙatar digiri 230 zuwa 245, tiyon Teflon kuwa yana fara lalacewa in ya daɗe a kusa da 250, ga shi ya fi yawan zaruruwa a abu mai tagogi da yawa. Don maket da zai zauna a falo ko ofis, farin PLA ya isa, a dai gaya wa mai karɓa kada ya bar shi a rana ko a mota. Amma mariƙin waya na ƴan kabu-kabu da yake sha'awar fara yi, wanda zai wuni a kan babur, wannan kam PLA ba zai yi ba, sai ya sayi PETG ya koyi bugunsa. Ya sake buga rufin cikin awa biyu.

Yanzu yana da littafi a gefen injin, yana rubuta lokacin da ya kunna, zafin shago, saitin da ya taɓa da abin da ya fito, kuma ba ya taɓa saiti biyu a bugu ɗaya. Tayoyin robar da kan ke gudu a kansu sun fara cinyewa saboda ƙurar da ke kwanciya a kwarin alminiyam, ya ba da saƙon sababbi ta hanyar Kano tare da fanka mai bolt 24 da ragowar tiyo. Daga Yuni kuma laimar da ya yi wa magani ba lokacinta ba za ta zo da gaske, lokacin da zare ke fara tartsatsi a bakin tagulla yana karyewa a hannu. Ya tanadi bokitin fenti mai murfin da ke kamawa, yana tara ƴan ƙunshin silika masu shanye laima da ke zuwa cikin kwalayen sababbin wayoyi, kwarkwaron da ba ya kan inji zai riƙa kwana a ciki har damina ta ɗauke.